Yayan matata ya gyara mani ambirayaji, mota ta ƙara rikicewa

"Assalamu alaikum. Malam don Allah a sakaya sunana. Ni direba ne nan Maraɗi, ina jan Hiace ta wani Alhaji, layin Maraɗi zuwa Tasawa, kowane mako ina kai mishi kuɗɗinshi. Watan jiya ambirayaji ya gaji, Alhaji ya ba ni jikka 90 ya ce in kai wajen makanikinshi, ni kuma na kai garejin yayan matata, na ce in ya samu ai gida ya samu. Kwana biyu na ɗauko mota. Tun ranar, bitesi na ɗaya da na baya sai sun yi ƙara kahin su shiga, sai na tattaka fedal sau uku sau huɗu. Na koma ya ce sabo ne zai zamna. Na sake komawa ba shi nan, wani yaronshi ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya murɗa wani abu, bitesi ya riƙa shiga lahiya lau har na ji daɗi. To bayan kamar kwana biyar na ɗauko mutane cike, mun wuce Agye, in na ba ta wuta inji ya yi ta kuka mota ba ta ja, ga warin ƙuna. Da sahe da dama-dama, in ta yi zahi ne abin ke tashi. Kuma ina ganin ɗigon mai inda nike aje ta. Da na gaya mishi sai ya ce ƙafata ce, wai ina aza ƙafa bisa fedal, gaban yaranshi ya faɗi haka, ni da na shekara 11 ina tuƙi. Tsohin kayan bai nuna mani ba, kuma na ji ranar da aka yi aikin ya tahi gaisuwar mutuwa Tibiri, yara ya bar ma. Matata ta ce in rufa ma yayanta asiri. Alhaji bai san ba wajen mutumenshi na kai ba, kuma ya fara tambaya. Wallahi ban barci. In kai wani gareji ne ko in tsaya sai ya maido mani kuɗɗi? Mi zan ce ma Alhaji?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah shi sanyaya maka, na ji zahin maganar nan da aka faɗa maka gaban yara, mutum ya shekara 11 bisa hanya a ce bai san inda zai aje ƙafa ba, dole abin ya tsaya a rai. Amma kahin mu kai ga Yaya da Alhaji, ina roƙonka abu guda: ka aje motar nan daga yau, kada ka sake loda mutane cikinta sai an duba. Ka tuna lokacin da kake son wuce babbar mota bisa hanyar Cadawa, ka hito gefe, wata na tahowa gabanka, ka taka totur mota ta ƙi ja. Rayuka ne ka ɗauko. Sannan duk kilomita ɗaya da ka ƙara da ita a haka, diskin ne ke cinyewa, zahin kuma yana bin filato da bolan, wato ƙarafa biyun da ke matse diskin ambirayaji tsakaninsu, gyaran da ƙila sifana ɗaya za ta gama sai ya koma sayen kaya sabo gaba ɗaya.

Abin da ya sa na zamna na karanta wasiƙarka sau biyu, ciwo biyu ne ka lissafa kuma kishiyoyin juna ne. Na farko ambirayaji ba ya saki, shi ya sa bitesi ke ƙara. Na biyu ba ya kamawa, shi ya sa inji ke kuka mota ba ta tahiya, abin da makanikai ke cewa yana fatine. Tsakanin biyun kuma akwai yaron da ya murɗa wani abu. Nan hankalina ya tsaya.

Ka san yadda abin yake. Diski yana matse tsakanin bolan ɗin inji da filato, muddin yana matse ƙarfin inji na wucewa zuwa buwat, wato akwatin bitesi. In ka taka fedal, famfon sama da ke jikin fedal ɗin ya tura mai cikin tiyo, man ya tura famfon ƙasa da ke gefen buwat, shi kuma ya tura cokalin da ke danna bute, wani zoben ƙarfe mai juyawa da ke gaban filato, bute ya danna yatsun filato, diski ya samu sarari, sai bitesi ya shiga. Ambirayajin nan masu zuwa Katsina da Jibiya kulochi suke ce mishi, duk abu ɗaya ne. To in iska ta shiga layin man nan, fedal sai ya yi laushi kamar soso, rabin takun naka iskar yake matsewa, bai kai ga cokali ba. Alamarta kuwa ita ce wadda ka faɗa da bakinka: sai ka tattaka sau uku huɗu sannan ya shiga. Maganinta a hidda iskar ta ɗan nonon da ke jikin famfon ƙasa, mutum guda na taka fedal guda na kwancewa yana ɗaurewa har kumfa ta ƙare, aikin da bai kai rabin awa ba. Maganar wai sabo ne zai zamna, a'a. Sabon diski yana buƙatar a bi shi sannu kwanakin farko, gaskiya ne, amma iska ba ta zamnawa, hitar da ita ake.

Yaron nan, ina kyautata zaton sandar da ke tsakanin fedal da famfon sama ya ƙara ma tsawo. In aka yi haka bitesi zai shiga, don an ci wasan da ke saman fedal an ƙara ma takun nisa, direba ya ji daɗi ya tahi. Sai dai wasan nan da dalili aka bar shi. Fistin ɗin famfon sama sai ya koma baya sarai sannan wata ƴar kafa ke buɗewa mai ya koma tulunshi. In sanda ta yi tsawo kafar ba ta buɗewa, mai ya maƙale cikin layi, in mota ta yi zahi ya kumbura ya riƙa danna bute shi kaɗai. Da sahe lahiya, rana ta yi ga kaya ga mutane sai ta fara fatine. Ka ga daidai da labarinka. Don haka da Yaya ya ce akwai ƙafa bisa fedal, alamar da ya gani gaskiya ce, akwai abin da ke danne da shi dare da rana, amma mai yiwuwa sandar nan ce ba ƙafarka ba.

Zato ne nike yi daga nesa, ban ga mota ba, shi ya sa nike so ka gwada da hannunka, ba ka biyan ko dala. Inji a kashe, danna fedal da yatsa biyu a hankali. Ya kamata ya ɗan tahi haka nan ba nauyi, kamar milimita 5 zuwa 15 a motocin Toyota irin taka, wato wajen faɗin yatsa, sannan ka ji ya yi tauri. In tun daga sama tauri ne ba wasa ko kaɗan, ka kama ɓarawo guda. Sannan inji a kashe ka zagaya bitesi duka, in suna shiga sumul amma da ka tada inji suka fara gardama, buwat ɗinka lahiyarshi lau, kada kowa ya ce maka a buɗe shi. Sai ka nemi hili inda ba kowa gabanka, ka ja birkin hannu da kyau, ka sa bitesi na huɗu, ka ɗan ba ta wuta ka saki fedal sannu. Mai lahiya take inji zai mutu. In ya ci gaba da kuka ƙafarka a ɗage, diski na zamewa, ka taka ka maida firi nan da nan, kuma sau ɗaya ya isa kada ka maimaita. Akwai kuma na famfon sama: ka sa na ɗaya, ka riƙe fedal ƙasa kamar rabin minti, ɗayar ƙafar kusa da birki, in ka ji mota ta fara rarrafe da kanta to robar cikinshi na sakin mai ta baya. Leƙa kuma bayan fedal ɗin da tocila ko jiƙe yake, ka janye robar famfon ƙasa ka gani ko mai ya taru ciki.

Ɗigon man nan shi ya fi tada mani hankali, don shi ne zai nuna ko sai an sake sauke buwat. Yau da dare ka shimfiɗa kwali mai tsabta ƙarƙashin mota, da sahe ka duba ta ina ya ɗigo kuma wane iri ne. Baƙi irin na bidanji man inji ne. Mai kauri mai wari mai ƙarfi kamar ruɓaɓɓen ƙwai man buwat ne. Mai ruwa-ruwa ba kauri, mai cin fenti, man birki ne da ambirayaji ke aiki da shi. In na ukun ne alhamdu lillahi, daga waje ake gyara shi. In ko na farko ne ko na biyu kuma yana ɗigowa daidai mahaɗar inji da buwat, to robar da ke tare mai bayan inji ko ta bakin buwat ta saki, kuma wataƙila ta shafa ma diski. Diskin da ya sha mai yana iya yin ciwon nan biyu a tare, ya zame in an matsa mishi, ya manne in ana son ya saki. Kuma don Allah kada ka yarda a wanke shi da esansi a maida, man ya riga ya shige cikin fatar da ke fuskar diskin, da ya ji zahi zai sake tsatso shi.

Na taɓa tsayawa bakin rami wani gareji nan cikin gari ana irin wannan gardamar, mai mota na rantsuwa mai gareji na rantsuwa, har mutane sun taru. Da aka sauke buwat aka ciro diskin, mai garejin ya goga babban yatsa bisa fatar, ya ɗago yatsan baƙi ƙirin yana sheƙi. Ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya ce ma yaronshi je ka sawo robar nan da na ce a bari. Ba wanda ya ƙara magana. Tun ranar na gane irin wannan rigima baki ba ya raba ta, sai an aje ƙarfen gaban kowa.

Yanzu Yaya. Ban ga alamar mugunta cikin abin da ka rubuta ba, na ga sakaci da kuma kunya. Zuwa gaisuwar mutuwa ba laihi ba ne, barin yara su sauke buwat ma haka kowane makaniki ya koya. Inda ya gaza shi ne da ya dawo bai hau motar ya zagaya da ita ba kahin ya miƙa maka makulli, kuma da ka dawo da kuka bai saurare ka ba. Ka ce gaban yaranshi ya ɗora maka laihi, to ka tuna kai ma gaban yaranshi ka kawo ƙarar, uban gida kuma da wuya ya ce na yi kuskure yaran da yake koya ma suna tsaye. Ban ce ya kyauta ba. Ina nuna maka ƙofar da za ka bi ne. Ka same shi gida bayan isha'i, ku biyu, ku gaisa yadda kuka saba, ka ce Yaya na zo ne ka taimake ni, motar nan amana ce hannuna kuma Alhaji ya fara tambaya. Ka gaya mishi abin da ka gwada da abin da ka gani, wasan fedal, gwajin na huɗu, kwalin ma ka tahi da shi. Kada ka fara da maganar kuɗɗi, kada ka ce an cuce ka. Ka roƙi abu guda, gobe shi da kanshi ya duba kana tsaye, a fara da na waje, a maida sandar yadda take a hidda iska a sa man birkin da ya dace, mai lamba DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar roba. Ka tambaya ma wane mai yaran suka zuba, don man inji ko na sitiyari in ya shiga layin nan kumbura robobin yake ya kashe famfunan duka biyu. In bayan wannan ta daina fatine kuma mai ba daga mahaɗa yake ba, kun tsira da sauƙi, ko da yake diskin ya riga ya ɗan ci wuta.

In kuwa sai an sauke, ka bar duk abin da kake ka tsaya kai. Kaya na mako uku ba ya ɓoyuwa. Ka dubi diski ko sabo ne ko tsohon ƙarfe ne aka buga ma sabuwar fata, za ka ga ƙusoshi na ƙyalli bisa cibiya mai tsatsa. Ka duba ko an juya shi, don yana da fuskar da ke kallon bolan kuma in yaro ya kifa shi ba zai saki daidai ba. Ka duba ko ya lanƙwashe, hakan na faruwa in aka bar nauyin buwat ya rataya bisanshi wajen maidawa. Yatsun filato su zan daidai da juna, bute ya juya shiru ba gurnani, fuskar bolan in ta yi shuɗi-shuɗi ko tsage-tsage sai an kai an share ta, in ba haka ba sabon diski ma rawa zai riƙa yi wajen tashi. Girisi ɗan kaɗan ake shafawa bisa haƙoran sandar buwat, yara kan cika shi ya fantsama bisa fata. Ka'ida in an sauke buwat, diski da filato da bute tare ake canzawa, tunda wahalar saukewar ita ce mai tsada. Aisin, Exedy, Valeo duk sunaye ne masu kyau cikin masu ƙera kayan ambirayaji, amma kwali ana buga shi ko'ina, don haka ku tahi tare wajen mai kayan da aka sani, a karɓi takardar saye, tsohin kuma a sa maka cikin buhu.

Kuɗɗi kuma abin da ƙarfen ya nuna shi zai raba. In hannu ne ya yi kuskure, kuɗin hannu na biyu babu shi, kuma abin da kuskuren ya ƙona ya kamata ya ɗauki kaso mai tsoka. In kayan ne jabu shi ma cutarshi aka yi, ku koma ma mai shago tare. In ya karɓi kuɗin saiti guda ya canza diski kaɗai, sauran haƙƙin Alhaji ne sai ya dawo, ko da kaɗan-kaɗan ne. Kai ma ɗan'uwa akwai naka, ka ji wari ka ci gaba da lodi, kuma kai ka canza garejin da aka ce. In ka ce na ɗauki wani abu daga ciki, za ka ga shi ma ya sauko.

Batun Alhaji ba zan ɓoye maka ba, nan ne ka yi kuskure, niyyarka mai kyau ce amma kuɗɗinshi ne motarshi ce kuma ya faɗi inda za a kai. Maraɗi ba ta da girman da magana za ta ɓace, ranar da ya gamu da makanikin nashi ya ce ya aikin motata, shi ke nan, daga nan ba zancen ambirayaji ake ba, zancen amana ake. Ka riga kowa. Ka je ka ce Alhaji na yi maka laihi, ka ce in kai wuri kaza na kai wajen surukina, aikin bai yi ba, ga abin da na gano, na aje mota don kada ta ƙara lalacewa, ina neman kwana kaza da sassaucin kuɗɗin mako. Zai yi faɗa, ka haƙura ka saurara. Kada ka zagi Yaya gabanshi, ka ce aikin ne bai yi ba. In ya ce a kai wajen nashi makanikin, ba ka da ta cewa, sai ka sanar da Yaya da bakinka kahin a ja motar, ka ce ya zo ko ya turo babban yaronshi a buɗe gabansu.

Haka ma in Yaya ya ƙi saurare, ko ya ce ba ya sake taɓawa sai an biya. Kada ka tsaya ja-in-ja mota na zamne mako na wucewa. Ka samu dattijo guda da yake jin nauyi, kawunsu ko wani babba cikin makanikai ko na sandikanku na tasha, a zamna sau ɗaya. In bai yiwu ba ka kai wani wuri, a aje duk abin da aka ciro. Zancen kai ƙara ban ba ka shawara ba, abin da za ka samo bai kai abin da za ka zubar tsakanin gidajen nan biyu ba, kawun ɗiyanka ne har abada.

Maiɗakinka kuwa tsoro take kada a ce mijinta ya tozarta yayanta, kuma tana da gaskiyar jin haka. Ka gaya mata ba wanda zai ji daga bakinka, ba tasha ba ba majalisa ba, amma mota sai an gyara don da ita ake cin tuwo gidan. Kada ka aike ta da saƙo wajenshi, kada ka bari ta zama ita ke kai ta kawo, magana ce ta ku biyu.

In Allah ya sa an gyara, kwanakin farko ka rage lodi, ka tashi da na ɗaya ba gaggawa, in ka shiga rairayin cikin unguwa kada ka riƙe ta da rabin fedal kana ba ta wuta, kuma wajen tsayuwa ka maida firi ka ɗage ƙafa. Kowace sahiya kahin ka tada inji ka sa yatsa ka ji wasan nan yana nan. Gobe in ka duba kwalin ka rubuto mani launin man da inda ya ɗigo, da abin da inji ya yi da ka saki fedal a na huɗu, sai in gaya maka ko sauke buwat ya zama dole. Allah shi daidaita tsakaninku, shi tsare hanya.